Kokon Inna

Inna ta tambaye ni a Aboabo,
tana kankare gindin tukunya:
"Wai me kike koyarwa a jami'ar nan,
shekara tara, alli ya cinye miki yatsu?"

Na ce, "Lissafin sauyi, Inna. Kokonki ke nan."
Ta ɗaga ludayi kamar za ta make ni.

"Da asuba in kin sauke shi,
ai da gudu zafin ke fita.
Kafin hantsi ya koma jan ƙafa,
don ya kusa zama ɗaya da iskar tsakar gida.
Gwargwadon tazara, gwargwadon sauri.
Shi nake rubutawa a allo, layi guda,
ɗalibai ɗari biyu su yi tsit."

Ta ce, "Wannan tun ina budurwa na sani.
Me ya sa nake naɗe tukunya da tsohon bargo?"

Gaskiya ne, hannunki ya sani.
Amma hannunki ba ya shiga asibiti
ya faɗa wa likita ƙarfe nawa
magani zai sulale daga jinin jariri.
Ba ya tsayawa bakin kwatarmu
daren da sama ta ɓalle,
ya ce: kaza ke shiga, kaza ke fita,
kafin ƙarfe biyu zai taɓa gadon Baba Tanko,
ku tashe shi.

Ba a tashe shi ba.
Katifarsa muka tsinta a gindin gada.

Shi ya sa ni da Boakye, ɗalibina,
muke jera gwangwanayen madara a kan rufi
muna auna damina.
In an ɗauke wuta mu kunna waya mu ci gaba.
Amsar ba ta fito ba tukuna,
akwai leda a cikinta,
ita kuwa leda ba ta jin ƙa'ida.

'Yan Kejetia suna tambaya, nawa ne?
Mu tamu tambayar: ina ya dosa,
da wane sauri,
yaushe za a tare shi?

Inna ta daɗe ba ta ce uffan ba.
Can ta miƙo mini ƙoƙo da ƙosai biyu.
"Sha, Malama.
In lissafinki gaskiya ne,
surutu ya riga ya cinye miki mafi zafinsa."