Tun Yaushe?

Malamar asibiti ta ɗaga biro,
ta ce, "Dhansara, tun yaushe?"
Na ce tun haihuwar Tek Bahadur.
Ta ce, "Watansa nawa?"
Na ce yana Qatar, yana ɗaukar bulo.
Biron ya tsaya.

Kwana goma sha ɗaya da haihuwarsa
na gangara bakin kogin Seti,
kwando a baya, igiyarsa a goshi,
ciyawa ta fi tsayin kaina.
A hawa na uku wani abu ya saki a cikina
kamar tukunya ta zame daga murhu.
Na raɓe bayan dutse, na mayar da shi da yatsu,
na ƙarasa hawan.
Ɓauna ba ta san jego ba.

"Me ya hana ki zuwa?"
'Yar nan, tambayarki gajera ce,
hanyar kuwa yini biyu ce a ƙafa
kafin ido ya ga mota.
Kuɗin motar akuya guda ne,
akuyar kuma ta makarantar Kaushila ce.
Daga dashen shinkafa sai girbin gero,
daga gero sai itacen hunturu.
Ciwon da bai kayar da mutum ba
a bayan aiki yake bin layi.

Kuma da wane baki?
Abin ba shi da suna a gidanmu.
Uwar mijina da nata ta mutu,
sai ranar wankan gawa muka gani.
Muka dubi juna, muka ja zane.
Na ɗauka haka mace take ƙarewa,
kamar furfura, kamar faɗuwar haƙori.

Mijina ba mugu ba ne.
Sau ɗaya ya tambaya, cikin duhu,
me ya sa nake ba shi baya.
Na ce ƙugu ne.
Washegari ya sayo man zafi.

An ce likitan namiji ne.
An ce suna cire mahaifar ɗungurungum,
mace ta dawo ba ta iya ɗaga tulu.
A kan tsaunin nan,
wadda ba ta ɗaukar kaya
wa zai ɗauke ta?

Sai na koyi zama a kan cinya ɗaya.
Na koyi tari a hankali, dariya rabi-rabi.
Na naɗa tsumma, na daina zuwa biki
don kada a ji abin da nake ji a jikina.

Abin da ya kawo ni?
Pabitra, matar Tek, ta sauka watan jiya.
Kwana tara, na gan ta tana gyara igiyar kwando a goshi.
Na fizge shi har ciyawar jiya ta zube.
Ta ce, "Ama, lafiya?"
A nan bakin ya buɗe, a gaban garken ɓauna.
Ita ta sayar da 'yan kunnenta, ta riƙo hannuna.

Rubuta ashirin da biyu.
Ba sai kin sunkuyar da kai ba, ni na daina.
Tana waje a kan benci da jaririn.
In kin gama da ni,
ki kira ta.