Mai Rataya Lamba

Shekara talatin da bakwai na yi a bayan allo,
ɗakin kwano, tsani mai taki ashirin,
taga guda, ba ta kai faɗin faranti ba,
ta nan nake kallon duniya tana wucewa.

Sunana Dibakar. Ba ka san shi ba, na sani.
Amma in ka taɓa zama a benen gabas
ka ɗaga kai don ka ji inda aka kwana,
rubutuna ka karanta:
fararen lambobi a kan baƙin gwangwani,
ni ke cirewa, ni ke ratayawa.

A zamaninmu kurket kwana huɗu ake yi.
Da asuba Gangadhar zai ja rolarsa,
shi da ɗansa, kamar shanun huɗa,
su daddaɓe ƙasar har ta yi sheƙi.
Yakan durƙusa ya shinshina ta,
ya ce, yau ta masu jifa ce, za ta yi tsagewa.

Shayi a kofin yumɓu, gyaɗa a takarda,
masu keken haya sun jingine sana'a,
yara bisa reshen mangwaro, ba tikiti,
in reshe ya karye sai a ji faɗuwa.

Wata Lahadi ba ta barin raina.
Purna Behera, ɗan mai wankin unguwarmu,
tun hantsi yake duka, rana ta karkata,
tasa'in da tara.
Na riga na ɗauko ɗaya da sifiri biyu,
na goge su da gefen rigata.
Sai ƙwallo ta zo ƙasa-ƙasa kamar gafiya,
ta bi ta ƙarƙashin sandarsa,
turken tsakiya ya kwanta.
Mutum dubu goma sha biyar, ko tari babu.
Na mayar da ɗayan kan ƙusarsa,
hannuna yana ta rawa.

Purna ya ƙare a tashar jirgin ƙasa,
yana huda tikiti har ya yi furfura.
In mun haɗu ba ma tada zancen.
Shi ya san ni na riƙe masa ɗarinsa,
ni na san ba ta biyuwa.

Daga baya fili ya zama na kowa.
Litinin ƙwallon ƙafa, Laraba hoki,
kokawa a kusurwa, fareti na 'yan makaranta,
'yan siyasa su kafa rumfa a kan ciyawa,
su tafi su bar mana ramuka da alkawari.
Shekarar da kogi ya ci unguwannin gangare
nan aka kwana, gida ɗari uku,
aka dafa shinkafa a inda alƙali ke tsayawa.
A ƙarƙashin benen arewa wata ta haihu.
Gangadhar ya yi kukan ƙasarsa,
sannan ya ɗauko buhunan rufe fili
ya rarraba wa masu rawar ɗari don lulluɓawa.

Allon lantarki ya zo, aka ba ni agogo,
aka yi tafi, aka sare tsanin.

Jiya na koma, jikata Sasmita ke jifa,
kitso a baya, jar ƙwallo a tafi,
taku tara take yi kafin ta saki.
Ana tsaka da wasa wuta ta ɗauke.
Allo ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya.
Wani saurayi a gefena ya ce, nawa ne ma?
Ban ko juya ba.
Arba'in da uku, na ce, biyu sun fita,
saura jifa huɗu a canja gefe.
Ya dube ni, ya faɗa wa na kusa da shi,
na kusa ya miƙa gaba,
na ji lissafina yana hawa benen
baki zuwa baki, har can sama wajen tattabaru,
yatsuna kuwa suna laluben ƙusa a iska.