Yawun Bakina

Jika arba'in Mutari ya ƙirga mini
bayan rumfar masu gyaran babur, a Kasuwar Dole,
ranar Alhamis, ana bina hayar wata huɗu.
Ya ce, "Cima, aikin ba nauyi.
Kalma huɗu ce gaban alƙali: ni na haife shi.
Ki ce uban ya rasu a hanyar Agadas,
ki ce kin kasa ci da shi,
sai ki dangwala yatsa."

Aka ba ni yaron kwana uku don ya saba da jikina.
Bai cika shekara biyu ba.
Akwai tabo bayan kunnensa, kamar ƙwayar riɗi.
Ba ya kuka.
Bakin ƙofa yake zama
yana kallon jarkokin ƴan ga-ruwa suna wucewa,
duk macen da ta gifta da shuɗin zane
sai ya miƙe tsaye.

Baƙin suka sauka, mata da miji, daga ƙetaren teku.
Ba mugaye ba ne, na duba idon matar.
Ta zo da jan takalmi ɗan mitsitsi
tana auna shi da tafin hannunta.
Takardu cif, hatimi bisa hatimi,
har da ta haihuwa mai ɗauke da sunana,
ni da ban taɓa durƙusa naƙuda ba.

Alƙalin ya zare tabarau ya ajiye.
Ya ce, "Takarda ba ta ƙin tawada.
Kafin yaro ya hau jirgi
sai mun tambayi jiki."

Na zaci allura ce.
Ashe tsinke ne mai auduga a ka,
aka goga ɗaya a kuncina, ɗaya a nasa,
ko zafi babu.
Aka liƙe ambulan gaban shaidu biyu,
haruffa uku a goshinta: ADN.
Mutari ya zaga asibiti yana neman mai karɓar goro,
kwalbar kuwa ba ta da aljihu.

Mako biyar ina kwana ido biyu
ina sauraron karnuka a duwatsun Birni.
Harshena ya ci kuɗi,
amma yawun da ke ƙarƙashinsa
ba wanda ya gaya masa an biya mu.

Ranar da sakamako ya iso
wayar Mutari ta mutu, har yau.
Ban jira an matsa ni ba, na zazzage abin da na sani.
Aka yi cigiya a rediyo:
duk wadda ɗanta ya ɓata bara, ta zo.

Bakwai suka zo.
Bakwai, jama'a.
Suka jera a benci, kowace ta buɗe baki
kamar ƴaƴan tsuntsu,
aka ɗebi yawunsu.

Ɗaya ce ta dace: Harira, mai sayar da tattasai daga Mirriya,
wadda ta juya ba da canji a tasha
ta waiwayo ba kowa a tabarma.
Shida suka koma da majanyi a ninke.

Ni ina gidan kaso, saura wata biyu.
An ce baƙuwar ta bar masa takalmin,
ta yi kuka, ta riƙe hannun Harira.

Ashe sunansa Ilu.
Kwana uku ina kiransa da sunan takarda,
ina mamakin yaro da taurin kunne.