Tiya Ɗaya Kowace Alhamis

Shekarar da tiyar gero ta haura jaka,
na tsaya a Kasuwar Dole da dala arba'in a tafi.
Mai awo ya dube ni, ya dubi kuɗin,
ya ce, "Malam, wannan sai dai dusa."
Na koma Garin Malam ina tura babur,
mai ya ƙare, kunya ba ta ƙare ba.

Bayan kaka Goggo Tsahara ta kira ni.
Ta ce, "Lawali, ba ka da gona, ba ka da rumbu,
amma kana da ƙarƙashin gado.
Kowace Alhamis, tiya ɗaya. Ɗaya tak.
Mai jiran kuɗin buhu, bazara ke riskarsa a hanya."

Na sayi bido biyu na man girki,
na wanke da toka, na kife su kwana uku.
Wake na shanya a tabarma
har sai da ya ce ƙas a haƙori,
na ɗura shi har wuya,
na zuba barkono, na toshe da leda, na murɗe marfi.

Sai dai ni ɗan koyo ne.
Kowace Juma'a sai na buɗe in leƙa arzikina,
kamar mai sabon agogo.
Ƙwaro ya samu iska, ya yi aure, ya yi suna a ciki.
Wata biyu, wakena ya koma rariya.
Goggo ta yi dariya har ɗankwali ya zame:
"Abin da ka rufe, bar shi ya yi barci."

Na sake.
Wannan karon na rubuta wata da gawayi a jikin bido,
tsoho a fara ci, sabo ya jira.
Na ɗora su kan bulo saboda gara da sanyin ƙasa.
Batula ta yanka kuɓewa lokacin da take araha,
ta baza tumatir a rufin kwano har ya zama kauɗa,
kuka a kwalba, daddawa a gwangwanin madara,
gishiri, kanwa, ashana ƙulle a leda,
da randar ruwa guda da ba a taɓawa,
don famfon Damagaram bai san alkawari ba.

Tsakiyar damina na zame a taɓo, ƙafa ta karye.
Kwana arba'in ban ɗauki fasinja ba.
Ba mu ci nama ba, gaskiya,
amma hayaƙi bai daina tashi a gidanmu ba,
har ɗan maƙwabci ya zo da kwano
aka auna masa wake, ba a haɗe rai ba.

Yanzu in dare ya yi, duwatsun Birni suka huce,
nakan miƙa hannu ƙarƙashin gado
in ƙwanƙwasa bido da yatsa.
Ba na buɗewa.
Amon da ba ya amsawa, shi nake so in ji,
sai in juya in yi barci a kan rumbuna.