Zomo

Ruwa ya tsare mu a Idi-Araba,
mu shida a rumfar Malam Barau mai shayi.
Kwano na yoyo a kan bencin da ba kowa,
danfo na wucewa yana watsa mana ruwan kwata.
Wuta ta tafi tun la'asar,
buta kaɗai ke numfashi.

Lauwali ne ya tono zancen,
shi da ke tura baro a kasuwar Mil Sha Biyu:
"In dai zagaye biyu ne, mita ɗari takwas,
ba a yi kamar Dogara ɗan Zonkwa ba.
Da idona na gan shi a Surulere,
ƙafa kamar ta zalɓe,
ya bar su a kwanar ƙarshe suna haɗiyar iska."

Gambo mai acaba ya ture kofinsa.
"Dogara? Sau ɗaya ya ci,
ranar ma Kehinde na fama da zazzaɓi.
Kehinde fa, shekara huɗu
ba mai ganin fuskarsa, sai ƙeya.
Cin rana ɗaya sa'a ce, malam,
ko makaho kan taka kuɗi a hanya."

Iya Sikira ta ɗaga murfin ƙosanta,
Hausarta da gishirin Ikko:
"Ku maza, maza kawai kuka sani.
Ladidi fa? Zagaye huɗu ba kwata,
takalmin aro, ɗaya ya fi ɗaya,
ta gama, ta juyo ta ɗaga wadda ta faɗi."

Wani yaro mai waya ya haska mana fuska,
ya karanto minti, ya karanto daƙiƙa,
ya ce agogo ba ya ƙarya.
Lauwali ya ce agogo bai san iska ba,
bai san wanda ya kwana da yunwa ba,
bai san wanda ya tako daga Agege
don kuɗin mota ya ƙare.

Murya ta hau murya.
Har aka rantse da abin da bai kai rantsuwa ba.

Duk wannan Barau bai tanka ba.
Yana ɗaga kofi sama, yana sauke shayi
dogon zare, ko ɗigo bai zuba.
Sai da ya goge tebur ya ce:
"Kun san zomo?

Ba na daji ba.
Wanda ake biya ya shige gaba,
ya yanka musu iska da ƙirjinsa,
ya ja su zagayen farko a daƙiƙa hamsin da ɗaya,
ba hamsin ba, ba hamsin da biyu ba.
In ƙararrawa ta kaɗa
ya ratse, ya taka ciyawa,
ya dafa gwiwa yana kallon bayansu.
Jarida ba ta sunansa.
Ranar Dogara, wa ya buɗe masa hanya?
Shekarun Kehinde huɗu, ƙeyar wa yake bi?"

Ba wanda ya amsa.
A nan na lura da sharaɓarsa,
jijiyoyi kamar igiyar guga,
da yadda yake tsayuwa a kan yatsu
ko sukari zai miƙo.

Na ce, "Malam, ba ka taɓa son ƙarasawa ba?"

Ya daɗe yana kallon titi.
"Sau ɗaya," ya ce.
"Ƙararrawa ta kaɗa, ƙafata ta ce mu je.
Numfashinsu ya yi nisa a bayana,
fili duka nawa.
Na sauka.
An riga an biya ni tun da safe."

Ruwa ya tsagaita.
Gambo ya share sirdin babur da hularsa,
bai ƙara ambaton Kehinde ba.
Barau ya miƙo mini hannu:
"Shayi biyu da burodi.
Ƙwan jiya ma ba ka biya ba."