Bututun Ƙirjin Eleuterio

A tudun Valparaiso, inda gidaje
ke hawa kafaɗar juna don su hango teku,
ubana Eleuterio ya shekara arba'in da ɗaya
yana kara kunne a bangon mutane kamar magulmaci.
Ya san tsatsa da muryarta.

Ina yarinya, a bayan gidan tsohuwa Ercilia,
ya miƙo min tiyo, ya ce, "Danne bakin da yatsa."
Ruwa ya yi tsalle har kan igiyar shanya.
Na yi ihu, "Ya ƙaru!"
Ya ce, "Juya shi bokiti, mu ƙirga."
Muka ƙirga, muka gaji, bokiti bai cika ba.
"Gudu daban, yawa daban, Amaya.
Wanda aka matsa wa shi ke sauri."

Da dare ya zana da'ira biyu a bayan rasit,
ƙaramar rabin babbar a faɗi.
"Kina zaton rabin ruwa za ta ba ki?
In ruwan na tafiya a natse, ba hauka,
kashi ɗaya cikin sha shida kacal.
Biyu sau biyu, sau biyu, sau biyu.
Na gefe yana gogar bango yana jan ƙafa,
na tsakiya ne ke cin hanya."

Bana matakalar unguwarmu ta yi masa tsawo.
Ɗari da sha biyu ce, kamar kullum,
amma a ta talatin sai ya dafa ƙarfe
ya ce jiragen ruwa yake kallo.

A asibiti likita ta juyo mana da hoto:
wani zare baƙi, siriri a wuri guda
kamar an cije shi.
Ta fara lalubo kalma mai laushi.
Ya ɗaga mata hannu. "Nawa ya rage a faɗin?"
"Kusan rabi."
Na ga leɓensa na motsi,
biyu sau biyu, sau biyu...
bai ƙarasa ba.

"To," ya ce, "ba sai an sāke gidan duka ba.
Ki buɗa min wurin ko da kaɗan,
kaɗan ɗin nan yana da yawa."

Yau ya hau sittin kafin ya tsaya.
Babu jirgi ko ɗaya a tekun,
amma na tsaya tare da shi, muka kalla.