Laima Ta Ci Laima

Mun baro Dakoro ranar Talata,
hadari na biye da mu tun daga Kornaka
kamar mai bin bashi.
Kwana goma sha ɗaya muna yi wa shanu allura,
muna kwana cikin tantin nan
da muke ja a ƴar tirela bayan mota.
Daren ƙarshe ruwa ya yi masa wanka,
da asuba Tsahiru ya naɗe shi yana ɗiga.
Na gani. Ban ce uffan ba.
Bayana na ciwo, hankalina na gida,
na ce gobe ma rana ce.

Goben nan sai da ta kwana tara.

Da na ɗaga murfi a ƙofar gidanmu, nan Bagalam,
wari ya riga ni sallama,
warin rumbun da aka manta da shi,
warin tsohuwar rijiya.
Fumfuna ta kafa gari a cikin ninki:
nan baƙin ɗigo kamar kashin ƙuda,
can fari-fari, gashi-gashi,
kamar tuwon da aka rufe aka yi tafiya.
Baraka ta leƙo, gefen mayafi a hanci:
"Likitan shanu, laima ta ci laima."
Ta yi dariyarta, ta koma wurin tukunya.

Mu huɗu muka ja shi waje.
Igiya ɗaya a dogon yaro,
ɗaya a ƙarfen tagar maƙwabci,
muka buɗe masa ciki, rana ta leƙa.
Sai da ya bushe ƙayau na sa buroshi,
iska a bayana, ƙyalle a bakina,
don ƙurar fumfuna ba baƙuwar kirki ba ce a ƙirji.
Tsahiru ya kawo jabel, na ce mayar,
wannan ya fi fumfuna cin zare.
Lemun tsami na dala ashirin,
gishiri cikin tafi, ruwa mai ɗumi,
muka bi ɗinki ɗaya bayan ɗaya
kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa.

Da la'asar gabas ta haɗe rai.
Muka kwashe a guje, muka baza a zaure,
ba mu ninke ba.
Haka kwana uku: fita, shiga, fita,
yaran unguwa na tambaya bikin wa za a yi.

Abin da ban sani ba a da,
tsakiya ba ta ɓoye ruwa.
Gefe ne munafuki,
da bakin zip, da kusurwa mai ruɓi biyu,
da igiyar da ke bushewa a ido
alhali cikinta jiƙe yake sharkaf.
Yanzu da kunci nake gwadawa, ba da hannu ba.
In na ji sanyi, ko kaɗan, da saura.

Na naɗe shi sakwa-sakwa, ban danne ba.
Katako biyu a ƙasa, kada ya sha daga siminti.
Gawayi a tsohuwar safa, kusurwa huɗu.
Murfin kuma na tokare da rabin bulo
don abin da ke ciki ya samu numfashi.
Duk Juma'a, in na dawo masallaci,
nakan zura hanci in gaishe shi.

Tabon bai fita duka ba.
Akwai wani a saitin inda nake sa kai,
faɗinsa kamar tafin jariri.
Watan jibi, a dajin Bermo,
in na kwanta zan gan shi a samana,
tsakanina da taurari.
Tsahiru ya ce laifinsa ne, shi ya naɗe.
Na ce a'a, yaro.
Kai ka naɗe,
ni na gani na yi shiru.